A Fara Tara Waƙa Kafin A Sayo Na'ura

Matafiyin da ya bi hanyar Kano zuwa Daura, in ya yada zango a Kazaure da la'asar sakaliya, zai ga abin da kakansa bai taɓa gani ba. Zai ga yaro ɗan shekara huɗu zaune a bakin zaure, ya riƙe wayar wansa da hannu biyu, yana dangwala gilashinta da ɗan yatsa, ita kuwa tana ba shi amo iri iri. In ya taɓa nan ta yi kukan sarewa, in ya taɓa can ta yi ƙarar ganga. Haka abin ya ke a Babura, haka a Roni da Gwiwa, har ƙauyukan da wutar lantarki ba ta kai ba, gama ba a rasa mai shagon caji da ɗan janareta ko farantin hasken rana. Wayar ta riga ta shiga gida, ba ta ko yi sallama ba.

Irin waɗannan na'urori sun bambanta da garmaho da rediyo waɗanda dattawa su ka saba da su. Garmaho ya kan rera abin da a ka zuba masa, ko da mai saurare ko babu. Amma wayar zamani, da babbar yayarta mai faɗin allon karatu wadda a ke kira kwamfutar hannu, suna lura da abin da yaro ya yi su mayar masa da martani nan take. Akwai manhajojin da a ke sakawa a cikinsu domin koya wa ƙananan yara kiɗa da waƙa. Wata ta kan zana maɓallan fiyano a kan gilashi. Wata ta kan buga kiɗa ta ce yaro ya bi ta da yatsa, in ya yi daidai ta ba shi tauraro. Wata ma tana saurarar muryarsa, ta nuna masa ko ya hau ko ya sauka. Saboda wannan hali nasu ne a ke ce da su na'urori masu amsawa.

To, a kan wannan ne waɗansu 'yan boko da 'yan kwangila su ke gina wata magana mai daɗin ji. Su kan ce, tun da ya ke makarantun ƙauye ba su da malaman waƙa, sai a sayo waɗannan alluna a raba wa azuzuwan ƙananan yara, na'ura ta zama malami, a huta. Maganar tana da zaƙi a ɗakin taro. Amma duk uban da ya sa hankali ya bi ta daki daki zai tarar an ɗaura wa doki sirdi ta baya. Na'urar da babu waƙar garin yaro a cikinta, babu kuma malamin da zai tsaya a kanta, ɓarnar kuɗin jama'a ce, tana kuwa iya zama ɓarnar kunnen yaro, wadda ta fi ta kuɗi wuyar gyara.

Kada a zalunci na'urar, tana da nata alheri. Ba ta gajiya da maimaici, ba ta tsawa, ba ta ɗaukar bulala. Yaro mai kunya wanda ba ya iya buɗe baki gaban jama'a ya kan saki jiki da ita. Tana iya ɗaukar muryarsa ta mayar masa ya ji kansa da kansa, abin da ba malamin da zai iya yi masa. Tana iya rage saurin kiɗa har kunne ya rarrabe bugu da bugu. Mafi girma duka, tana iya ajiye muryar tsohuwa shekara da shekaru bayan an kai tsohuwar makwancinta. Ba mai hankalin da zai ƙi waɗannan. Gardamar tana kan abin da za a zuba a ciki, da wanda zai riƙe ta, da abin da ya kamata a fara yi.

Da farko dai, wannan rawa an taɓa taka ta. Cikin 2005 wani malamin jami'a a Amurka, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin ba kowane yaro na ƙasashe matalauta kwamfutarsa ta kansa, wadda a ka yi ta yayatawa za a sayar dala ɗari. Da a ka ƙera ta, kuɗinta ya kusa ninka haka. 'Yar kore ce da fari, mai kunnuwa biyu, a cikinta kuwa har da wata manhajar kiɗa mai suna TamTam, wadda yaro zai iya harhaɗa amo da ita ya yi nasa kiɗan. Cikin 2007 a ka gwada ta a wata makarantar firamare a Galadima, kusa da Abuja. An yi ta maganar Nijeriya za ta sayi miliyan guda. Ba a saya ba, shirin kuma bai bazu cikin makarantun ƙasar ba. Ministan ilmi na lokacin ma ya tambaya ko mene ne amfanin kwamfuta ga yaron da ba shi da abin zama a aji. Ƙasar Peru, can Amurka ta Kudu, ita ta saya da gaske, fiye da dubu ɗari takwas. Cikin 2012 a ka fito da sakamakon binciken da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya yi a makarantu 319 na ƙauyukan ƙasar. An tarar yara sun iya sarrafa kwamfutar, an kuma ga ɗan ci gaba wajen kaifin tunani, amma a lissafi da karatu ba su fi waɗanda ba a ba kome ba. Ba wanda ya ce mutanen da su ka kawo shirin mugaye ne. Sun dai ɗauka in an miƙa wa yaro kaya, ilmi zai tsiro da kansa kamar tafasa da damina. Wanda zai zo Roni ko Gwiwa da irin wannan zance yau, wajib ne a tambaye shi me ya koya daga Galadima da Peru.

Sa'an nan a buɗe na'urar a duba cikinta. Yawancin manhajojin nan an yi su ne a Turai da Amurka da Asiya, domin 'ya'yan waɗanda su ka yi su. Waƙoƙin ciki na Turanci ne, suna zancen dusar ƙanƙara da dabbobin da yaron Amaryawa bai taɓa gani ba. Wannan ma ƙaramin laifi ne. Babban laifin yana ga ma'aunin. Fiyano ya raba tsanin amo gida goma sha biyu daidai wa daida, kowane maɓalli da muryarsa guda wadda ba ta motsi. Waƙoƙin gargajiya na Hausa kuwa yawancinsu kan matakai biyar su ke hawa, muryar mai waƙa kuma tana zamewa tsakanin mataki da mataki, tana lanƙwasa yadda kalma ta nema. In a ka sa yarinyar Korayel ta rera waƙar da ta koya wurin kakarta gaban na'urar da ke auna murya da ma'aunin fiyano, ba abin mamaki ba ne na'urar ta nuna mata ja, watau ta yi kuskure, alhali kuwa ita ce a kan daidai. Yarinya 'yar shekara biyar ba ta da bakin yi wa gilashi musu. Za ta gaskata shi, ta gyara abin da ba ya bukatar gyara, a hankali ta ɗauka waƙar gidansu ita ce karkatacciya.

Mai karatu wanda ya yi ajin yaƙi da jahilci ya fi kowa sanin nauyin wannan magana, ko da bai taɓa tunaninta ta wannan fuska ba. Ya tuna ranar da ya fara gamuwa da kalmar kuka a rubuce. Haruffa huɗu ne, amma ba su gaya masa ko kukan jariri a ke nufi ko kukar miya ba. Haka wuya, ko na ɗaura dutsen ado ko wuyar aiki. Haka gari, ko na zama ko na tuwo. Rubutun boko ba ya nuna hawa da saukar murya, ba ya nuna wasalin da a ke ja da wanda a ke taƙaitawa. Kunne ne ya raba masa gardama, kunnen kuwa tun yana goye a ka fara wasa shi, da waƙar reno, da tatsuniya mai waƙa a tsakiya, da wasannin dandali. Hausa harshe ne wanda ma'ana ke rataye ga karin murya, saboda haka waƙar Hausa da maganar Hausa tagwaye ne. Rubutacciyar waƙa ma da gaɓa mai tsawo da gajeriya a ke auna ta. Yaron da kunnensa ya ƙoshi da waƙar harshensa, ranar da a ka ɗora masa littafi a gaba, ya riga ya yi rabin tafiya.

A dubi kalangu. Bakinsa biyu, tsakiyarsa siririya, tsarkiyoyi sun haɗa fatar wannan baki da ta wancan. Makaɗi ya kan saɓa shi a hammata, ya buga da gula, in ya matse tsarkiya murya ta hau, in ya sassauta ta sauka. Da haka ne kalangu ke kiran sunan mutum, ya yi masa kirari, jama'a su gane abin da ya faɗa ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Dukan hikimar tana cikin matsewar nan, watau aikin dantse da haƙarƙari da kunne gaba ɗaya. To, ina hammata a jikin gilashi? Mai manhaja ya iya ɗaukar amon kalangu guda uku ko huɗu ya jera su a maɓalli, yaro ya dangwala su fito, amma wannan hoton kalangu ne, kamar yadda hoton rijiya ba ya kashe ƙishirwa. Haka kotson da Narambaɗa da Ɗanƙwairo su ka yi wa sarakuna waƙa da shi, haka gurmin Haruna Uji na Haɗeja, haka kuntigin Ɗanmaraya Jos mai tsarkiya ɗaya tak. Kowannensu yatsa da tafin hannu ne ke sa shi magana.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ne zuciyar al'amarin. Masu tallar na'ura suna alfahari da cewa tana amsa wa yaro. Ashe amsawa baƙuwa ce a ƙasar Hausa? Ai waƙar Hausa kusan dukanta a kan bayarwa da karɓa a ka gina ta. Mamman Shata, wanda ya rasu cikin 1999, bai tsaya shi kaɗai ba, da 'yan amshinsa da makaɗansa. Barmani Coge, wadda ta rasu cikin 2013, tana bayarwa mata masu ƙwarya suna karɓa. 'Yan mata a dandali in sun yi da'ira suna gaɗa, ɗaya ta bayar, saura su amsa da tafi, wadda ke tsakiya ta faɗo da baya su cafe ta su ɗaga. Mata uku a kan turmi guda in suna lugude, kowace taɓarya da lokacin saukarta, wadda ta yi gaggawa ko ta yi nawa sai taɓare su gwabza. Manoma a gayya suna bin gangar noma da fartanya. Cikin duk waɗannan yaro yana koyon abin da ya fi waƙa: ya saurari ɗan'uwansa, ya jira lokacinsa, ya shigo daidai inda a ke jiransa, ya riƙe nasa ko da na kusa da shi yana yin wani dabam. Na'ura tana amsa wa yaro ɗaya, kansa a sunkuye, ta ba shi tauraro. 'Yan amshi kuwa suna amsa masa da fuska da dariya, wani lokaci da harara in ya ɓata. Ajin da a ka raba wa yara arba'in alluna arba'in, kowa ya toshe kunne da abin saurare, an mai da taron waƙa zaman makoki.

Likitoci ma suna da ta cewa. Cikin 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a zaunar da jariri gaban gilashin waya ko talabijin sam, 'yan shekara biyu zuwa huɗu kuwa kada zamansu ya wuce sa'a guda a yini, in ya gaza haka ya fi. Jikin ƙaramin yaro motsi ya ke so, waƙarsa ma da ƙafa da tafi ya ke yin ta.

Wannan ke nan game da masu ɗokin na'ura. Akwai wani ɓangare kuma da zai ji wannan bayani ya yi murna, ya ce dama an faɗa, a bar kiɗa da waƙa gaba ɗaya, makaranta ba gidan biki ba ce. Su ma ba su tsira ba. Cikinsu akwai masu tsoron addini, akwai masu tsoron roƙo. Game da kayan kiɗa, malamai sun daɗe suna saɓani a kan wanda ya halatta da wanda bai halatta ba, wannan kuwa fagensu ne, uban da ya bi fatawar malaminsa ba wanda zai zarge shi. Amma rera magana mai ma'ana domin ta zauna a ƙwaƙwalwar yaro, wannan hanya ce ta magabata. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wa'azi da waƙe. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu cikin 1864, da waƙoƙi ta karantar da matan ƙauye, jajis ɗinta su na haddacewa su kai wa 'yan taru. Yau ma duk wanda ya wuce makarantar Islamiyya a Kazaure ko Babura da yamma zai ji yara suna rera darasi da murya ɗaya. Game da roƙo kuwa, an sani a ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, iyaye da yawa ba su so a ce ɗansu ya zama maroƙi. Amma koya wa yaro lissafi ba ya mai da shi ɗan kasuwa dole, koya masa gudu ba ya mai da shi ɓarawo. Ban da haka, uban da ya hana a koya wa ɗansa waƙar kirki a aji bai rufe kunnen yaron ba. Wayar tana nan a gida, masu tura waƙoƙi suna nan a kasuwa, za su cika ta da abin da su ka ga dama a kan 'yan kuɗi kaɗan. Ƙin zaɓa wa yaro waƙa, barin wani ne ya zaɓa masa.

To, mene ne abin yi? Akwai misali daga wata ƙasa ta Turai mai suna Hangari, wanda ya dace da ƙasar Kazaure ƙwarai. Farkon ƙarnin da ya wuce, masu ilmin ƙasar sun raina waƙoƙin ƙauyawansu, sun fi son na Jamusawa. Sai wani saurayi masanin kiɗa, Zoltan Kodaly, ya fara yawon ƙauyuka cikin 1905 yana tattara waƙoƙin manoma, daga baya abokinsa Bela Bartok ya bi sahu. Na'urar zamaninsu su ka ɗauka, wani akwati mai nauyi da ke zana murya a jikin ɗan bututun kaki, kowane bututu ba ya cin fiye da 'yan mintoci. Da wannan su ka tara waƙoƙi dubbai daga bakin tsofaffi da makiyaya. Sa'an nan Kodaly ya ce a fara koya wa yaro waƙa da muryarsa, gama ita ce kayan kiɗan da kowa ya ke da shi kyauta, a kuma fara da waƙoƙin harshen uwarsa kafin na baƙi. Cikin 1950 a ka buɗe makarantar firamare ta farko mai bin wannan tsari a garinsu, Kecskemet, inda yara ke waƙa kowace rana. Ya rasu cikin 1967, amma har yau malamai daga ƙasashe masu nisa suna zuwa koyon hanyarsa. Abin lura shi ne inda ya sa na'ura. Ya aike ta ƙauye ta ɗebo, sa'an nan ya miƙa abin da ta ɗebo ga malami.

Wannan yanki na arewa maso yammacin Jihar Jigawa yana da abin yin haka fiye da yadda Kodaly ya samu. Tun bayan da a ka ƙirƙiro jihar cikin 1991, Kazaure ta zama garin makarantun fasaha. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, wadda Gwamnatin Tarayya ta karɓa daga hannun jiha. Cikin 2001, zamanin Gwamna Saminu Turaki, a ka kafa makarantar koyon aikin kwamfuta a garin. Cikin 2021 kuma a ka ba Babura Jami'ar Fasaha ta Tarayya. Watau samarin da su ka san yadda a ke rubuta manhaja suna kwana suna tashi tafiyar sa'a guda ko ƙasa da haka daga tsofaffin da su ka san waƙoƙin. Abin takaici ne a ce ɗalibi ya ƙare karatunsa da kwaikwayon manhajar da wani ya riga ya yi a Indiya, alhali kakarsa tana Ɗandi ko Kanya da taskar da ba ta cikin kowace kwamfuta a duniya. Kowace shekara ɗalibai su kan nemi aikin da za su yi na kammala karatu. Ga aiki nan a ƙofar gida.

Taskar kuwa ba ta jira. Dandali ya yi sanyi a garuruwa da yawa. Injin niƙa ya karɓe aikin dutse, waƙar niƙa ta bi shi. Siminti ya kori daɓe, matan da su ka san waƙoƙin daɓe sun tsufa. Shantu ya zama abin da yarinya ke jin sunansa ba ta taɓa ɗora shi a cinya ba. Gaskiya ne masana sun yi ƙoƙari. Cikin 1971 waɗansu Turawa biyu, David Ames da Anthony King, sun buga littafi na sunayen kayan kiɗan Hausa da ma'anoninsu, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero kuma ya yi rubuce rubuce masu yawa a kan makaɗa da mawaƙa. Amma littafi ba ya rera waƙa, waƙoƙin yara kuma kowane gari da irin nasa lanƙwasa. Yadda a ke gaɗa a duwatsun Roni ba lalle ya zama yadda a ke yi a Babura ba, can bakin iyakar Jamhuriyar Nijar. Kada kuma a manta da rugage. Fulani ne su ka kafa sarautar Kazaure, tun zamanin Ɗantunku, yaran makiyaya kuwa suna da nasu waƙoƙi da Fulatanci, da busar sarewa a bayan shanu. Su ma 'yan makaranta ne, ko ya kamata su zama.

Tsarin aikin ba shi da wuyar faɗi. A fara da ɗauka: waya mai kyau guda, da ɗaliba mace wadda za ta iya shiga cikin gida, gama yawancin waƙoƙin yara a bakin mata su ke, namiji baƙo kuwa iyakarsa zaure. A nemi izinin mai gida da na mai waƙar, a gaya mata abin da za a yi da muryarta, a rubuta sunanta da garinta, a kuma biya ta. Wannan na ƙarshe ba alfarma ba ce. An daɗe ana ɗaukar muryoyin talakawa a tafi da su, wani ya ci riba, mai murya ko goro bai gani ba. In za a iya biyan ɗan kwangila kuɗin allo, za a iya biyan tsohuwa kuɗin abin da zai sa allon ya yi amfani. Bayan ɗauka sai tacewa. Ba kowace waƙar dandali ce ta dace da aji ba, akwai masu habaici da zambo da batsa. A zaunar da malaman makaranta da malaman addini da iyaye mata su zaɓa, domin abin da a ka zaɓa tare ba mai tashi daga baya ya ce an shigo masa da baƙon abu.

Sa'an nan a zo kan na'ura, a kuma fara da mai araha. Aji ɗaya ba ya bukatar alluna arba'in. Waya ɗaya a hannun malama, da 'yar lasifika mai batir, da katin ajiya, sun isa, ba a ko bukatar intanet, wanda kuɗinsa da ƙarfinsa duka ba abin dogara ba ne a ƙauye. A shirya waƙar yadda muryar tsohuwa za ta bayar, sa'an nan a bar fili shiru daidai tsawon amshi, yara su cika shi da bakinsu da tafinsu. Wannan dabara ma ba sabuwa ba ce. Cikin 1974 a ka fara koyar da lissafi ta rediyo a ƙasar Nikaraguwa da irin wannan salo, mai magana ya yi tambaya ya dakata, aji ya amsa, an kuma gwada shi a makarantun firamare na jihohin Kano da Nasarawa da Legas cikin shekarun 2000. In samarin Kazaure da Babura sun ƙware, su ci gaba su yi manhajar da ma'auninta na Hausa ne, wadda za ta bar malama ta rage sauri, ta cire muryar mai bayarwa ta bar kiɗa, ta ɗauki ajin duka ta mayar musu su ji. Amma gilashin ya zauna a hannun babba, yara su kasance a tsaye.

Malamar ita ce ginshiƙi, ita ce kuma a ke mantawa duk ranar da a ke rabon kuɗi. Cikin 2008 a ka fara aiki da manhajar karatu ta shekara tara wadda ta haɗa waƙa da zane da wasan kwaikwayo cikin darasi guda, a ka ɗora wa malami ɗaya, sau da yawa wanda ba a taɓa koya masa ko ɗaya daga ciki ba. Ba laifinsa ba ne in ya cika allo da ma'anar kiɗa da Turanci, yara su kwafa, a tashi ba wanda ya rera kome. Kwalejin horon malamai ta Gumel tana nan cikin jihar. Kuɗin alluna na makaranta ɗaya zai ɗauki nauyin malamai da dama su yi mako biyu suna koyon yadda a ke jan aji da waƙa. A kuma buɗe wa makaɗan gari ƙofa. Mai kalangun da ke yi wa mahauta kiɗa, in a ka gayyace shi sau ɗaya a wata, da yardar iyaye, ya bar yara su taɓa tsarkiya su ji yadda murya ke hawa a ƙarƙashin hannunsu, ya koyar da abin da manhaja ba za ta koyar cikin shekara ba. Sauran kwanaki ƙwarya da kara da gwangwanin madara sun wadatar, yara ma sun fi kowa iya ƙera su.

Iyayen da su ka yi yaƙi da jahilci yanzu suna iya karanta takardar da a ka kawo kwamitin makaranta kafin su sa hannu. Ranar da wani ya zo da kwali cike da alluna, ko da takardar neman a saya, sai a karɓe shi da mutunci, a ba shi ruwa, sa'an nan a ce ya kunna ɗaya ya jiyar da jama'a waƙar Hausa guda biyar daga ciki, ya faɗi garin da a ka ɗauko kowace. A tambaye shi malamai nawa za a horar, kwana nawa, da kuɗin wa. A tambaye shi inda za a yi caji, da wanda zai gyara in gilashi ya fashe, a Kazaure ne ko sai an kai Kano, da abin da sabon batir zai ci bayan shekara biyu. Magatakarda ya rubuta amsoshinsa cikin littafin taro, a karanta masa ya ji, ya sa hannu a ƙasa.